Ranar Da Na Shayar Da Zulaihatu

Sallama gare ku masu bibiyata. Sau uku ina rubuta wannan kashin ina gogewa, don akwai maganar da ko kana kai kaɗai a ɗaki in ka faɗe ta sai ka waiga. Mai dariya ya yi dariyarsa tun yanzu ya gama, domin in na fara ba zan tsaya ba.

Ni ce Basira, shekarata ashirin da biyu, 'yar Malam Muhammadu mai karantarwa a zaurensa a nan Boɗinga. Ban taɓa aure ba, ban taɓa ciki ba, ko hannuna namiji bai taɓa riƙewa ba. Amma wata biyar ke nan ruwan nono yana zuba a ƙirjina.

To, na faɗa. Bari in sha ruwa.

Wanda zan aura sunansa Zayyanu, mutumin Shagari, manomin albasa ne. Ko wanka ya yi ya fesa turare, in ya zo zance sai na tsokane shi na ce ina jin ƙanshin fadama. Yayarsa Sa'adatu tana aure a gidan da ke manne da namu, har ƙaramar ƙofa ke tsakani, kuma a wurinta ya fara ganina ina yi mata tsifa. An kawo kuɗin gaisuwa, an sa rana, kowa na murna. Sai gwaggonsu ta zo daga Dandin Mahe wai ta ga amarya.

Na sa atamfata mai ruwan ganye, na yafa mayafi, na durƙusa na ajiye mata fura. Ta dube ni daga sama har ƙasa, ta juya wurin Innata tana dariya.

"Wagga ta amaryar? Ai iska na iya ɗaukat ta! Da mi za ta goyo, da mi za ta shayarwa? Ku ba ta abinci don Allah."

Inna ta yi dariyar yaƙe, ni ma na yi. Amma maganar ta bi ni ɗaki ta zauna. Na tsaya gaban madubin sif ina kallon ƙasusuwan wuyana kamar ranar na fara ganinsu. Kwana biyu bayan haka na ga tallar wata mata a waya, mai haɗin gyaran amare, hotuna kala-kala, wai kafin da bayan. Na yi mata magana a ɓoye. Direban mota ya kawo mini saƙon a baƙar leda: wani gari a roba marar suna, da ƙananan ƙwayoyi farare a ƙulle. A sha da madara safe da yamma. Ban tambayi sunan ƙwayar ba, ita ma ba ta faɗa ba. Ni da na yi makaranta har na gama sakandare, ku ji fa.

Cikin wata biyu kumatu suka fito, riguna suka fara kama ni. Zayyanu ya turo saƙo: "Amarya, mi aka ba ki Boɗinga? Kin yi kyau wallahi." Na karanta ya fi sau goma, na ƙara cokali guda a kan yadda aka ce in sha.

Sai al'adata ta ɗauke. Wata na farko ban damu ba. Wata na biyu Inna ta tare ni a bakin randa ina alwala.

"Basira, ke ba ki hutun salla na? Na ga kullum kina bisa tabarma."

Na ce, "Gobe nake sa rai, Inna."

Daga nan na fara abin da har yau in na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Duk wata sai in ware kwana biyar in ce ina fashin salla. In an kira salla in zauna tsakar gida ina tsintar shinkafa kowa ya gan ni, sai sun tayar in lallaɓa ɗaki in tura ƙofa in yi tawa da sauri. 'Yar malam guda tana satar salla a gidan ubanta.

Ciwon kai ya biyo baya. Rannan da hantsi ina wanki na ji gaban rigata ya jiƙe, na ɗauka ruwan kumfa ne. Da na shiga banɗaki na duba, sai da na dafa bango. Fari ne, ba shakka a ciki. Na yanka wani tsohon zanen Inna gutsu-gutsu, ina ninkewa ina cusawa a rigar mama. Na koma sa baƙin hijabi ko ana zafin da kaza ke buɗe baki. In na wanke tsummokaran sai in shanya su a bayan sif, in bi jikina da humra don kada a ji ƙarni. Na zubar da sauran garin a masai, amma ruwan bai tsaya ba.

Wa zan gaya wa? Budurwa, al'ada ta ɗauke, ta yi ƙiba, ga nono na zuba. Ku da kanku in aka ba ku labarin wata haka, me za ku fara kawowa a ranku? To, shi ya rufe mini baki.

Yanzu ga ranar da ta jawo wannan rubutun. Sa'adatu tana da jaririya, Zulaihatu, wata huɗu, mai kumatu da gashi kamar an shafa mata mai. Ran wata Talata haƙori ya hana Sa'adatu sakat, fuskarta ta kumbura, mijinta ya ce ta hau babur a je a cire. Ta leƙo ta ƙaramar ƙofa ta miƙo mini yarinyar.

"Riƙa min ita, ƙanwata. Yanzu nib ba ta tas sha, kahin ta tashi mun dawo."

Ba su dawo ba, layi ya riƙe su. Inna ta tafi suna Danchadi tun da safe, Baba yana zaure da ɗalibansa. Zulaihatu ta farka ta fara kuka. Na goya ta, na sauke, na yi jijjiga, na yi waƙa, na ɗiga mata ruwa a cokali ta furzar. Na kira wayar Sa'adatu, tana ringi a ɗakinta ta bar ta a caji. Har aka kira azahar yarinyar nan tana tsala ihu, muryarta ta dishe, fuskarta ta yi ja, sai cusa kai take a ƙirjina tana laluba da baki. Kuma duk kukan da ta yi sai in ji ƙirjina ya ɗaure, ruwa na tsattsafowa har ya ratsa tsumman.

Na sa sakata. Na zauna bakin gado na ɗaga riga.

Ta kama kamar dama ta san wurin. Kukan ya yanke ɗif. Ɗan hannunta ya riƙe yatsana, tana haɗiya ina ji, har idonta ya lumshe. Zan faɗi gaskiya tunda na ce zan faɗa: nauyin da na yi watanni ina ɗauke da shi ya sauka, kuma na ji daɗi. Na ji sonta ya cika mini zuciya har na yi hawaye. Wannan jin daɗin ya fi komai ba ni kunya.

Sa'adatu ta dawo gab da la'asar da auduga a baki, tana ta ba ni haƙuri. Ta karɓi 'yarta ta zauna za ta ba ta nono, yarinya ta kau da kai. Ta ɗora ta a kafaɗa, sai ga gyatsa, har da ɗan tumbuɗi fari a kan mayafinta. Ta dubi mayafin, ta dube ni.

"Mi kib ba ta?"

Na ce, "Ruwa."

Ta ce, "To." Ta tashi ta shige gidanta.

Tsoron kada in kasance na cutar da 'yar mutane shi ya kai ni asibiti, ba hankali ba. Na ce wa Inna zan kai ɗinki Sakkwato. Likitar mace ce, babba, mai tabarau. Da na gama bayani kaina a ƙasa, ta ce dole a fara gwajin ciki, haka tsarin yake ga kowa. Na karɓi 'yar robar fitsarin na ratsa ta gaban mata masu jiran awo, ina ji kamar duk sunana suke karantawa a goshina. Sakamako ya fito babu komai. Na san babu, amma sai da na yi ajiyar zuciya. Aka ɗebi jini, aka ce in dawo bayan mako.

Da na koma, ta juyo da takardar ta nuna mini wata lamba da biro.

"Basira, a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa akwai wata 'yar tsoka, ba ta wuce ƙwayar wake ba. Aikinta aika saƙo. Tana sakin sinadarai a cikin jini, mu muna ce musu homon, kowanne da inda aka aike shi. Wani ya je ya ce wa jiki ya girma, wani ya ce wa mahaifa lokaci ya yi. Akwai wanda ake kira firolaktin, shi ke ce wa nono ya kawo ruwa in mace ta haihu, kuma shi ke dakatar da al'adar mai shayarwa. Naki ya yi yawa. Jikinki ya karɓi saƙon cewa kin haihu, shi kuwa bai san ƙarya ba, sai ya kama aiki."

Na ce, "Likita, to wa ya aika saƙon?"

Ta ce wani lokaci ɗan ƙari ne ke fitowa a tsokar, mafi yawa ba mai haɗari ba. Wani lokaci matsalar daga maƙogwaro take, wani lokaci kuma magani ne. Sai ta cire tabarau ta tambaye ni ko na sha wani abu. Na gaya mata. Ba ta yi mini faɗa ba, wallahi da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ce irin waɗannan haɗe-haɗen sau da yawa ana zuba musu ƙwayoyin asibiti masu hargitsa saƙonnin jiki, ba ni ce ta farko da ta gani ba. Tunda na daina sha kuma bai sauka ba, ga ciwon kai, za a yi mini hoton kai a tabbatar. Ta ce ana shan magani ya daidaita, al'ada ta dawo, a haihu lafiya. Ta hana ni matsawa, wai yana ƙara kawo ruwan. Da na yi ƙarfin hali na faɗa mata zancen jaririyar, ta ce sau ɗaya da wuya ya yi mata illa, amma kada in kuskura in sake.

Na fito da takardata a jaka ina cewa shi ke nan, asirina ya rufu. Zan sha magani, kafin biki komai ya wuce.

Sai Sa'adatu ta ɓullo da wani sabon wasa. Kullum ta shigo gidanmu sai ta ɗaga Zulaihatu sama ta ce, "Gai da uwar mijinki! Basira, na riga na yi kamu. Ɗanki na hwari shi na mijin wagga, ba mu kai ta waje." Inna ta yi ta dariya tana cewa Allah ya nuna mana. A danginsu Zayyanu kuwa ba wasa ba ne, rabinsu auren zumunci ne, tun yara na goye ake faɗa kuma a cika.

Ni kuwa tun ina shekara goma sha huɗu na karanta babin shayarwa a gaban Baba. Nonon mace in ya isa cikin jariri kafin ya shekara biyu, ko tsotsa ɗaya ce, ko matar ba ta taɓa aure ba, ta zama uwarsa. Zulaihatu 'yata ce. Duk ɗan da zan haifa ɗan'uwanta ne, babu aure tsakaninsu har abada. Kuma duk duniya ni kaɗai na sani.

Na yi mako biyu ina yi wa wasan nan murmushi. Zayyanu yana turo hotunan akwatunan lefe, wai in zaɓi kalar mayafi, ni ina amsa masa da "duk wanda ka zaɓa". Ya rubuto: "Lahiya dai? Kin yi sanyi kwanan nan." Na rubuta "akwai maganar da", na goge. Na tura masa hoton fure.

Saura mako uku biki, da safe Inna na tankaɗe, na durƙusa gabanta na ajiye takardar asibiti a kan faifai. Na faɗa mata komai, daga garin roba har sakata. Rariyar ta faɗi daga hannunta.

"Wa yat taɓa ki?"

"Inna, wallahi babu kowa. Ga takarda."

"Ni na iya karatun takarda? Dube ni cikin ido!"

Na dube ta. Uwata da ta haife ni, sai da ta ɗauki lokaci tana binciken fuskata kafin ta yarda. A nan na gane abin da ke jirana a waje. Ta jawo ni jikinta tana kuka ƙasa-ƙasa, sannan ta riƙe kafaɗuna.

"Ki saurare ni. Maganag ga ta mutu nan. In tak kai Shagari, kahin la'asar ta kai Dandin Mahe, kuma ba wanda za shi tsaya tambayar likita. Cewa za a yi kin zubar. Ki bari a ɗaura, in kin shiga ɗakinki kya hwaɗi. Shekara ashirin nan gaba wa yas san mai rai?"

Ba mu ji shigowar Baba ba. Ya zo ɗaukar butarsa, ya tsaya a bakin rumfa, ban san tun yaushe ba. Na sunkuyar da kai, na ja hijabi na rufe ƙirjina da hannu biyu. Da a ce mutuwa ake saya a lokacin da na nema. Ya zauna a kan turmi, abin da ban taɓa ganin ya yi ba.

"Ɗiyar ta haɗiya?" Abin da ya tambaya ke nan.

"Ta haɗiya, Baba. Har ta ƙoshi."

Ya ciro carbinsa yana ja. Inna ta ce, "Malam, ka duba mutuncin yarinyag ga."

"Shi nika dubawa." Ya juyo gare ni. "Aurenki da Zayyanu bai haramta ba, kawun ɗiyar na, shayarwa ba ta hawa kansa. Wannan ki kwantar da hankalinki. Amma uwar ɗiya tana da haƙƙin ta sani, kuma kahin a ɗaura, ba bayan an ɗaura ba, kada su ce mun rufe su. Ciwo ba zunubi na ba, Basira. Ƙaryar da kiy yi mata ita ta abin gyara. Ba ni zuwa in hwaɗi a madadinki, kuma ba ni tilasta ki. Kin yi karatu."

Ya ɗauki butarsa ya fita. Inna ta bi shi da kallo, ta ce da ni, "In kin tahi, kin kashe aurenki da hannunki."

Na shiga ɗaki na zauna. Na kalli ɗinkunan biki a rataye, leshi ruwan hoda da na kamu, na kalli ƙofar nan ƙarama ta taga. Taku goma sha biyu ne daga ɗakina zuwa can, na sha ƙirgawa. Bayan azahar na ɗauki takardar na tafi.

Na sami Sa'adatu tana yankan kuɓewa, Zulaihatu na kwance a tabarma tana wasa da ƙafarta. Tana ganina ta washe baki.

"A'a, ga uwar miji! Zulai, tashi ki gai da..."

"Yaya Sa'a, don Allah ki daina faɗar haka." Na durƙusa. "Ba za ta auri ɗana ba. Ranar da kika je cire haƙori, ba ruwa na ba ta ba. Nonona ta sha."

Na jira salati, na jira ihu. Sai na ji ƙarar wuƙa ta ci gaba a kan kuɓewa, ɗaya, biyu, sannan ta ajiye.

"Na sani."

Na ɗago.

"Ɗiya huɗu nis shayar, Basira. Ban san tumbuɗin ruwa da na nono ba? Kuma da kim miƙo min ita, gaban hijabinki jiƙe yake." Ta goge hannu a zani. "Kwana ukku ban yi barcin kirki ba. Zayyanu ƙanena na, uwa ɗaya uba ɗaya. Na ɗauki waya in kira shi ya hi sau biyar. Sai nic ce bari in gani. Ke ɗiyar malam ta, kin san hukunci hiye da ni. Shi ya sa nika ta yi maki zancen kamu, kullum, ina kallon idonki."

"Da gangan kike yi?"

"Da gangan. Na ce in abin kunya ta aikata, za ta yi shiru ta bar ni in ta hwaɗi hal a ɗaura, don mai ɓoyon ciki ba ta tona kanta saboda ɗiyar wani. In kuwa taz zo da ƙahwarta, to ko mi ne ne, ba wancan na ba." Idonta ya kawo ruwa. "Na ba ki hal Juma'a. Yau Laraba."

Kukan da na yi wata biyar ina haɗiyewa ya ƙwace mini. Na miƙa mata takardar, na ba ta labarin tsokar da ba ta wuce wake ba, da garin roba, da maganar gwaggo. Da ta ji ta gwaggo sai ta ja tsaki mai tsawo, ta ce ita ma tun tana amarya matar nan ta sa ta kuka.

"Amma kada in ruɗe ki," in ji ta. "Ni na yarda. Innarmu ban sani ba, Zayyanu ma ban sani ba. Shayarwa ba a ɓoye ta, sai dangi sun ji sun shaida. Gobe in Allah ya kai mu za mu Shagari, ni da ke da takardag ga, ki hwaɗi da bakinki. Ina zama kusa da ke."

Wayata ta yi ƙara a cikin hijabi. Zayyanu ne: "Amarya, gobe ina shigowa Boɗinga da yamma, mi zan riƙo maki?" Na daɗe ina kallon saƙon. Na rubuta: "Kada ka zo. Ni zan zo gidanku, akwai abin da zan faɗa a gaban Innarku." Wannan karon ban goge ba. Alamar ya karanta ta fito nan take, ya fara rubutu, ya tsaya, ya sake farawa, ya tsaya.

Zulaihatu ta fara ƙananan kuka tana miƙo hannu. Na matsa baya da sauri na ƙanƙame ƙirjina, kamar yadda nake yi duk kwanakin nan in ta nufo ni. Sa'adatu ta ɗauke ta, ta share mata baki, ta ɗora mini ita a cinya.

"Daina gudunta," ta ce. "Karɓi ɗiyarki."